KIWON DA BA A ƘIRGAWA: Nasiha Ga Samarin Musulmi Game Da Ciwon Damuwa A Tsakanin Yara Da Matasa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi jiki da rai da hankali, Ya sanya ukun nan amana a wuyansa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Ka taɓa tsayawa a ruga da almuru, lokacin da shanu ke komowa daga kiwo? In ka taɓa, to ka ga Bafillatani ya tsaya a bakin garke yana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya san adadinsu, ya san wadda take ɗingishi, ya san wadda yau ba ta ci ciyawa sosai ba. Ba ya jira sai saniya ta faɗi kana ya ce ba ta da lafiya. Haka mai kanti, ba ya rufewa sai ya ƙirga cinikinsa. To, mu da Allah Ya ba mu kiwon da ya fi shanu da kuɗi daraja, watau ƙannenmu da 'ya'yanmu da ɗalibanmu, yaushe rabon da mu tsaya mu duba wanda zuciyarsa take ɗingishi? Wannan ita ce tambayar da ta sa na rubuta maka ɗan littafin nan.

ƘIDAYA TANA DA ASALI A ADDINI

Wataƙila ka ce, me ya haɗa wa'azi da lissafi? To, saurara. Ya tabbata a hadisin Huzaifa ɗan Yamani (R.A.), wanda Bukhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a rubuto masa adadin waɗanda suka shiga Musulunci, aka rubuto masa mutum 1,500. Ka ga ke nan shugaban da wahayi yake sauka gare shi bai raina ƙidaya ba.

Kuma Allah Ya ba mu labarin Annabi Sulaimanu (A.S.) a cikin Suratun Namli. Ga rundunar mutane, ga ta aljannu, ga ta tsuntsaye, amma da ya bibiyi tsuntsaye sai ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambayi inda yake. Tsuntsu ɗaya tak a cikin wannan taro! Malamai sun ciro darasi daga nan cewa wajibi ne shugaba ya riƙa bibiyar halin waɗanda ke ƙarƙashinsa, babbansu da ƙaraminsu.

Sayyidina Umar (R.A.) shi ne ya kafa diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen Musulmi a ciki domin a ba kowa rabonsa daga baitulmali. Malaman tarihi sun kawo cewa da farko ba a yanka wa jariri rabo sai an yaye shi. Wani dare Umar yana zagaye sai ya ji jariri yana ta tsala kuka. Da ya bincika sai ya tarar uwar ce take gaggawar yaye shi domin a sa sunansa a littafi. Umar ya yi kuka, gari na wayewa ya sa aka yi shela cewa daga yau kowane jariri yana da rabo tun ranar haihuwarsa. Dubi wannan da kyau. Kukan yaro guda ya canja dokar daula, don kuwa an sami shugaban da ya fita ya saurara.

Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya mana cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Makiyayin da bai san adadin garkensa ba, da wane baki zai amsa?

MENE NE WANNAN CIWO?

Mu a nan, da an ce taɓin hankali sai tunaninmu ya tafi ga mai yawo a juji da tsumma. Wannan kuwa ɗan yanki ne ƙarami ƙwarai na abin. Mafi yawan yaran da ke fama suna nan a cikin gidajenmu, suna sallah a sahu ɗaya da mu, suna zuwa makaranta da wankakkun tufafi.

Akwai ciwon damuwa, watau baƙin ciki mai nauyi wanda yake zaune wa yaro mako biyu ko fiye, ya hana shi jin daɗin abin da dā yake so, ya ɓata masa barci da cin abinci, ya sa ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Akwai ciwon fargaba, zuciya tana dukan uku-uku, ga gumi, ga ciwon ciki, ga tsoron shiga mutane ko tsoron makaranta ba tare da wani dalili na zahiri ba. Akwai waswasi mai tsanani, yaro ya yi alwala sau goma yana kuka, bai gamsu ba. Akwai firgicin da yake bin wanda ya ga tashin hankali da idonsa, kamar yaran da aka kai wa garinsu hari ko aka taɓa sace su, abin ya riƙa dawo musu a mafarki da farke. Akwai rashin iya natsuwa da zama wuri ɗaya wanda ya wuce ƙiriniyar yara ta al'ada. Akwai kuma ciwon da yake bayyana ta hanyar faɗa da sata da gudun gida, wanda mu muke kira iskanci kawai mu wuce.

Waɗannan ba baƙin abubuwa ba ne ga malaman Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da waswasi da baƙin ciki, har ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda yake sauko wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana buƙatar magani irin na jiki. A Alƙahira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 yana da sashe na masu ciwon ƙwaƙwalwa. Saboda haka wanda ya ce maka wannan magana ta Turawa ce, to tarihin magabatansa ne bai karanta ba.

YADDA MUTANEN INGILA SUKA ƘIRGA NASU

Hikima kayan mumini ce da ta ɓace masa, inda ya same ta sai ya ɗauka. Bari in ba ka misalin wata ƙasa da ta ɗauki wannan ƙidaya da muhimmanci, domin ka ga yadda ake yi.

Likitocin Ingila sun gane cewa in littafin asibiti kaɗai za a duba, ba za a san gaskiya ba, don kuwa wanda aka kai asibiti kaɗai zai shiga lissafi, wanda yake kwance a ɗaki yana kuka shi kaɗai ba wanda zai rubuta shi. Sai suka fita suka bi gida-gida. Ba dukkan yaran ƙasar suka tambaya ba. Ka san yadda mai sayen hatsi yake yi a kasuwar Dawanau: ba ya zazzage buhu duka, sai ya huda sama, ya huda tsakiya, ya huda ƙasa, abin da ya fito ya nuna masa abin da ke ciki. Haka suka yi. Suka zaɓi yara ta hanyar ƙuri'a daga birni da ƙauye, daga gidan mai kuɗi da na talaka.

An yi ƙidayar farko a 1999, aka tambayi labarin yara fiye da 10,000. Aka sake a 2004, aka sake a 2017 da yara 9,117. A kowane yaro ana jin ta bakin iyaye, a ji ta bakin malaminsa na makaranta, in ya kai shekara 11 a ji ta bakinsa shi kansa, sa'an nan ƙwararru su zauna su auna amsoshin. Ka ga shaidu uku ke nan, don sau da yawa uba ba ya sanin abin da malami ya gani, malami kuma ba ya sanin abin da yaro ya ɓoye.

Ga abin da suka samu. A tsakanin yara 'yan shekara 5 zuwa 15, masu wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa sun kai kashi 9.7 cikin ɗari a 1999, kashi 10.1 a 2004, kashi 11.2 a 2017. In aka haɗa har da 'yan shekara 19, a 2017 yaro ɗaya ne cikin takwas. Kuma ƙidayar ta nuna abin da ido ba zai gani ba. A ƙananan shekaru, daga 5 zuwa 10, maza sun kusa ninka mata. Amma a tsakanin 'yan shekara 17 zuwa 19 sai abin ya juye, kusan mace ɗaya cikin huɗu tana fama.

Da annobar korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, sai suka koma wa iyalan da suka tambaya a 2017, wannan karon da gajeruwar takarda ta intanet. Takardar nan wani likita mai suna Robert Goodman ne ya tsara ta a 1997. Tambayoyi 25 ne a cikinta, game da damuwa, da ɗabi'a, da natsuwa, da zama da abokai, da taimakon mutane, duka a kan wata shida da suka wuce. Da wannan ma'auni, waɗanda ake kyautata zaton suna da ciwon a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 16 sun tashi daga ɗaya cikin tara a 2017 zuwa ɗaya cikin shida a 2020. Aka ci gaba da bibiya a 2021 da 2022 da 2023. A 2023, a tsakanin 'yan shekara 8 zuwa 16, an sami ɗaya cikin biyar.

Kuma ba adadi kaɗai suka samu ba, har da abubuwan da ke tafiya tare da ciwon. A 2023 an ga cewa yaran da ke fama sun fi sauran, fiye da ninki biyu, fitowa daga gidajen da bashin haya da na wuta ya yi wa katutu. An ga kuma sun fi sauran fuskantar cin zali daga 'yan'uwansu yara kusan ninki biyar. Talauci da zalunci ke nan, abubuwa biyu da addininmu ya daɗe yana yaƙi da su.

ADALCI WAJEN KARANTA LISSAFI

A nan sai ka yi hattara, ya ɗan'uwana. Allah Ya hore mu da tsayar da ma'auni da adalci, Ya kuma hore mu da bincika labari kafin mu yaɗa shi. Lissafi ma labari ne.

In ka ji an ce adadi ya ƙaru, akwai tambayoyi uku da za ka yi. Na farko, shin ciwon ne ya ƙaru da gaske? Na biyu, ko kuwa mutane ne suka rage jin kunya, suka fara faɗin abin da dā suke ɓoyewa? Na uku, shin mudun da aka auna jiya shi ne aka auna yau da shi? Ka lura a sama na ba ka lissafi biyu na 2017, ɗaya cikin takwas da ɗaya cikin tara. Ba saɓani ba ne. Na farko an same shi ta doguwar tattaunawa da 'yan shekara 5 zuwa 19, na biyu ta gajeruwar takarda da 'yan shekara 5 zuwa 16. Gajeruwar takarda tana nuna zato ne mai ƙarfi, hukunci kuwa sai likita ya duba. Wanda ya ɗauki lissafin doguwar tattaunawa ta 1999 ya gwama da na gajeruwar takarda ta 2023, ya ce ciwo ya ninka, to ya auna gero da mudu ya auna dawa da tiya, sa'an nan ya ce ga bambanci.

Haka kuma lissafin Ingila na Ingila ne. Kada ka hau mumbari ka ce ɗaya cikin biyar na yaran garinku suna da ciwo don ka ji an faɗi haka a wata ƙasa. Hanyar da suka bi ita ce abin koyi, da juriyar da suka yi ta komawa su sake aunawa shekara bayan shekara.

MU FA, INA MUKA KWANA?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya, ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani ciwon ƙwaƙwalwa. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya ce adadinsu ya kai miliyan 166, kuma kusan matasa 46,000 ne suke kashe kansu a kowace shekara. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, shi ma ya sami kusan ɗaya cikin bakwai na yara suna da matsala mai nauyi. Masana kuma sun nuna cewa kimanin rabin ciwon ƙwaƙwalwa na manya yana farawa ne kafin a wuce shekara 14. Watau magidancin da ka gani yau ya kasa riƙe gidansa, sau da yawa tun yana aji shida abin ya fara, ba wanda ya lura.

To, ɗauki ɗaya cikin bakwai ɗin nan a matsayin ƙiyasi, ka shiga ajin Islamiyya mai yara 70. Yara goma ke nan. Ka san sunan ko da biyu daga cikinsu?

A Nijeriya an yi ƙidayar jama'a a 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa aka ɗage ta. Ƙasar da adadin 'ya'yanta ma ƙiyasi ne, ina batun adadin masu ciwon zuci a cikinsu? Amma akwai wata ƙidaya da aka yi wadda ta isa ta tashe mu daga barci. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun fitar da rahoto a farkon 2019, wanda ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. A 2018 ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Shaye-shaye haramun ne, babu ja a kan wannan, kuma mai yi sai ya tuba. Amma ka taɓa zama da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi ranar da ya fara da abin da ya sa? Da yawa za su ce maka sun fara ne don su sami barci, ko don su manta wani abu. Ciwon da aka ƙi dubawa yana shekara 13, shi ne yaro ya je ya nemo wa kansa mugun magani yana shekara 17.

Kuma da iyaye suka rasa inda za su kai su, ka san abin da ya faru. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, ga tabon bulala a bayansu. Bayan haka aka buɗe wasu irinsa a wasu garuruwa. Wallahi wannan abin kunya ne a gare mu gaba ɗaya, don yawancin iyayen nan gyara suka je nema. Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa dukan yaro ko mace ko bawa da hannunsa ba. Anas (R.A.) ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Daga ina muka samo sarƙa?

A farkon 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a mutunta shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. Likitocin wannan fanni kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da yawan jama'a. Wannan ma dalili ne da zai sa mu gano ciwo tun yana ƙarami, tun icce yana ɗanye.

SHUBUHOHI UKU DA AMSARSU

Wani zai ce, ai mai imani ba ya shiga damuwa. Amsa: Annabi Yaƙubu (A.S.) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Allah bai zarge shi ba. Shekarar da Nana Khadija (R.A.) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki. Nana A'isha (R.A.) kuma takan sa a dama wa wanda aka yi wa rasuwa talbina, wani irin kunun sha'ir, tana cewa ta ji daga gare shi cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya. Imani yana ƙarfafa zuciya, haƙiƙa, kuma sallah da zikiri da karatun Alƙur'ani garkuwa ne. Amma kamar yadda mai imani yake kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, haka yake kamuwa da ciwon damuwa. Ka ce wa yaron da ke cikin wannan hali imaninsa ne ya yi rauni, ka ƙara masa kaya a kan kaya.

Wani zai ce, ai aljannu ne, ko sammu, ko kambun baka. Amsa: mun yi imani da samuwar aljannu da sihiri da kambun baka, don nassi ya zo da su. Amma wa ya ba ka ilmin gaibu da za ka yanke cewa wannan yaron aljani ne ya taɓa shi? Da wannan zato ne boka da ɗan bori suke cinye dukiyar bayin Allah, su ce a kawo baƙin bunsuru, su ce kishiyar uwa ce ta yi, a raba zumunci, a ɓata tauhidi, yaro kuma yana nan jiya i yau. Zuwa wurin boka haramun ne. Ruƙya ta shari'a, da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata, ba duka ba turaren tsafi, halal ce, ka yi ta. Sa'an nan ka ɗauki yaro ka kai shi asibiti, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Addu'a da likita ba kishiyoyi ba ne.

Wani kuma zai ce, ƙirga masu ciwo tonon asiri ne. Amsa: ƙidaya ta gaskiya adadi take fitarwa, ba ta fitar da suna. Likitan da ya ce yara goma cikin saba'in bai tona asirin kowa ba. Mai tonon asiri shi ne wanda aka gaya wa magana a ɓoye ya kai ta majalisar shayi.

ABIN DA YA HAU KANKA

Ba na ce ka zama likita ba, kuma kada ka laƙaba wa ɗan kowa sunan ciwo. Ƙidayar ƙasa aikin hukuma ce da jami'o'i, namu shi ne mu neme ta a wurin shugabanni, in masu bincike na gaskiya sun zo unguwarmu kuma mu ba su haɗin kai, mu faɗi gaskiya. Amma akwai ƙidayar da ba ka buƙatar izinin kowa kafin ka fara.

Anas (R.A.) yana da ƙane ƙarami ana ce masa Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Ran nan Manzon Allah (S.A.W.) ya shigo ya ga yaron ya yi jugum. Ya tambayi dalili, aka ce tsuntsunsa ne ya mutu. Sai ya tsaya ya yi masa magana cikin raha, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Mutumin da al'umma duka take wuyansa, ya lura da fuskar yaro ta canja. Wannan ma sunna ce, ya ɗan'uwana, kamar yadda gemu da asuwaki suke sunna.

Saboda haka, na ɗaya, fara da gidanku. Ƙirga ƙannenka, maza da mata, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Wane ne ya daina dariya? Wace ce ta daina cin abinci, ko take kwana ido biyu? Wane ne karatunsa ya faɗi warwas bayan dā yana kan gaba? Wane ne kullum ciwon kai da ciwon ciki, an je asibiti ba a ga komai ba? Canji shi ne abin lura, musamman in ya wuce mako biyu.

Na biyu, in kana koyarwa a Islamiyya ko makarantar allo ko ta boko, littafin kiran suna da ke hannunka ma'auni ne. Yaron da ya yi fashin kwana uku, kafin ka ɗauko bulala, aika a dubo shi. Ku malamai ku zauna sau ɗaya a wata, ku tambayi juna yara nawa suka daina zuwa, nawa suka canja hali, nawa aka yi wa rasuwa, ku rubuta adadin ba tare da suna ba. Bayan shekara za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba. Kuma kada ku manta da almajiran da iyayensu ke nesa, da marayu, da 'yan gudun hijira, su ne suka fi kowa rashin mai tambayarsu.

Na uku, in ka ga alama, ka ja yaron gefe, ka zauna daidai da shi, ka ce, "Ƙanena, na ga kwanan nan ba ka da walwala, me ke damunka?" Sa'an nan ka yi shiru ka saurara. Kada ka katse shi da wa'azi, wa'azin zai zo daga baya. In ya ce ba komai, ka ce masa ƙofarka a buɗe take, ka sake komawa bayan kwana biyu.

Na huɗu, in yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, kada ka ɗauka wasa ne, kada kuma ka rufe shi da faɗa. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a sanar da babban da ya dace, a tafi asibiti a ranar. Allah Ya sanar da mu cewa raya rai guda kamar raya mutane ne baki ɗaya.

Na biyar, ka tsare harshenka. Daina kiran yaro mahaukaci ko dolo ko taɓaɓɓe, ka kuma hana a kira shi a gabanka. Allah Ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi.

IN KUWA KAI NE

Na san a cikin masu karanta wannan akwai wanda tun daga farko yake jin kamar da shi ake. Kana sallah, kana azumi, amma ƙirjinka kamar an ɗora dutse, kana jin kunyar faɗa don kada a ce kai ba namiji ba ne. Ka sani, ya ɗan'uwana, jarumtaka ba ta hana ciwo, kuma wahalar da ta sami mumini, har damuwa da baƙin ciki, Allah Yana kankare masa zunubi da ita. Ba kai kaɗai ba ne, lissafin da ka karanta a sama ya isa shaida. Ciwon nan kuma ana warkewa, wani ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, wani da magani, wani da duka biyun. Ka zaɓi mutum ɗaya mai amana, yayanka ko malaminka ko likita, ka gaya masa a cikin makon nan. Ka riƙe sallolinka a cikin jam'i ko da jiki ba ya so, ka nisanci ƙwaya, ka rage kwana a kan waya. Kada ka yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Ya Allah, Ka yaye wa yaranmu da matasanmu damuwa da baƙin ciki. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ta jiki da ta zuci. Ka sanya mu makiyaya masu lura da abin kiwonsu, Ka ba shugabanninmu ikon sanin halin talakawansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.